Fitsara Sai da Sani

Ba na jin akwai ranar da zan manta da hantsin da Mani ya yi sallama a bakin rumfata ya ce mini "Yaya."

Mani ƙanin matata Kulu ne, magidanci mai gemu da 'ya'ya huɗu, manomi a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba ya kirana da komai sai "Baba", kuma ba don girmamawa ba (dalilin yana tafe, ku yi haƙuri da ni). Duk zuwansa Gusau, tun daga bakin lungu yake ɗaga murya, "Baba, ɗanka ya iso, a dama hura!" Sauran dukawa su bushe da dariya, ni kuwa in duƙufa kan fatar da nake ɗinki kamar ba da ni ake ba. Ran nan bai ɗaga murya ba. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Na dubi hannunsa, babu ƙunshin hoce, wainar dawar nan ta ƙasarmu, da ya saba kawowa.

"Yaya," ya ce, "Inna ta cika jiya bayan azahar. Mun kai ta kahin rana ta hwaɗi."

Basillar ɗinki tana hannuna. Na yi salati, na ajiye ta a hankali. Ban san dalili ba, idona bai tsaya a kan Mani ba, sai ya ɗaga zuwa wani ƙunshin tsumma da ke saƙale a rufin rumfar, ya yi baƙi da hayaƙi da ƙura. Mani ma ya duba. Ya sunkuyar da kai. A ranar na gane barkwancinsa ya fi mini sauƙi bisa shirunsa.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Allo na yi, na ɗan iya jan alƙalami, sai sana'ar dukanci da na gada. Amma ina so in ajiye wannan labari a takarda, ko don 'ya'yana su san irin kakar da suka yi, da kuma irin uban da Allah Ya haɗa su da shi.

Kulu 'yar fari ce ga Inna. Kun san yadda abin yake a wajenmu. Inna ba ta kama sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in zancenta ya kama sai ta ce "waccan ta Gusau". To, in 'yar ma haka, ina ga mijinta? Iyaye maza ne suka ƙulla aurenmu, aka kawo mini Kulu, ni da Inna ba mu taɓa haɗa ido ba. In na je gaisuwa Rawayya, tun daga ƙofar gida nake tuɓe takalmi, in shiga zaure, in durƙusa kusa da zanar da ta raba zauren da tsakar gida, in kafa idona a ƙasa. Can sai in ji motsi. Wata murya ƙasa-ƙasa, kamar ana tsoron tada mai barci, ta ce, "Sannu. Sannu. An zo lahiya? Madalla." Shi ke nan. In ce a gaida gida, in ja da baya.

Abin da na sani na Inna duk duniya ƙafafunta ne, domin zanar ba ta kai ƙasa ba. Ƙanana ne, da faso a dugadugai, babban yatsan hagu ya ɗan karkace. Baduku kuwa ko bai so ba idonsa sai ya auna ƙafa. Da za a jera mini ƙafafun matan Zamfara duka, da na fid da nata. Fuska ce ban sani ba.

Abu na biyu da na sani nata shi ne hoce. Duk wanda zai zo Gusau daga wajensu, sai ta ba shi ƙunshi ya kawo mana. Matsalar ita ce masu kawowar ba sauri suke yi ba. Wani ya biya kasuwa, wani ya kwana biyu wajen dangi, kafin hocen ya iso hannunmu ya bushe ya ƙandare. Kulu takan jiƙa shi da nono ta ci tana lumshe ido, don hannun uwarta ne. Ni ma ina ci, ina godiya a baki, ina gunaguni a ciki.

A shekara ta uku da aurenmu, da kaka, lokacin Nasara ba su daɗe da zama a ƙasar ba, na kora jakina zuwa kasuwar Tsafe sayen jemammiyar fatar akuya. Na sa farar rigata, wadda aka saƙa da zaren da Inna ta kaɗa da hannunta ta aiko cikin gara. (Ku riƙe wannan rigar, ita ta fara tona ni.) Guzurina ya ƙare tun a hanya. Kafin in gama zaɓen fatu rana ta take tsaka, yunwa ta sa har ina ganin mutane bibbiyu. Na ɗaure jaki, na bi ƙamshi.

A gindin wata tsamiya na tarar da mata biyu. Ɗaya kakkaura ce mai fara'a, tana haɗa datu, wato kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Ɗayar tana zaune daga ciki, bayanta jingine da itacen, ta rufe ƙafafunta da zane, tana fid da hoce mai zafi daga tukunya.

"Sannunku da rana," na ce. "Na wace ce ya fi daɗi?"

"Duk hannu guda na, samari," in ji kakkaurar. "Zamna ka ɗanɗana, in ba ka ƙara ba ka ce ba Tumba nike ba."

Ta cikin ta ɗago kai sau ɗaya. Ba fuskata ta duba ba, rigata ta duba. Nan take ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, ta juya wajen itacen.

Yanzu mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa Rawayya tana can yamma da Gusau, Tsafe tana nan gabas, ko a mafarki ban kawo komai ba. Ban san Inna tana da ƙanwa da ke aure a Bilbis ba. Ban san 'yar ƙanwar ta haihu, Inna ta zo taya wankan jego ba. Ban san ta ratsa ta Gusau ta wuce ba tare da ta leƙa gidanmu ba, don kunyar 'yar fari. Abin da na gani kawai hannu ne wanda ya sha aiki, sai na yanke mata shekarun kakata. Tsohuwar da ta kai sa'ar kakarka kuwa, ai matarka ce ta wasa, kowa ya san haka.

Na zauna daram a gabanta da takalmina, na miƙe ƙafa, na tare mata hanyar fita.

"Kai, amaryata kunyata take ji!" na ce. "Buɗe in gani mana. Ko sai na sayi baki?"

Tumba ta kwashe da dariya har da tafi. "Yaya, kin ji, kin yi miji a kasuwa! Ga shi da kunnuwa kamar na zomo, amma a haƙura, rigarshi mai kyau ta."

"Kunnuwan nan su ke jiyo mini inda ake girki mai daɗi," na ce. "Amarya, ba ki ce komai ba. Ko akwai wani ne a gabana?"

Na ga hannun mai mayafin ya fito a hankali ya tsunkuli cinyar Tumba.

"Wayyo! Mi na yi miki kike tsunkulina?" in ji Tumba. "Wasa na yaron ga ka yi. Ci abinka, ango, kada ka kula ta, yau da miskilanci ta tashi."

Na ci. Jama'a, na ci. Mutumin da in ya je Rawayya ko ruwa aka kawo masa sai ya juya baya ya kurɓa kaɗan ya ajiye, shi ne ya naɗe hannun riga ya tasa akushi a gaba. Hocen yana da zafi, ga laushi, ga ɗan tsamin nan da ke taɓa harshe. Na cinye uku, na nemi ƙari. Na suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, na bi man da ya gangaro har wuyan hannu na lashe. Na yi gyatsa irin wadda ake juyowa a duba.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma cikin da ya ƙoshi baki yake buɗewa.

"Wallahi," na ce, "da za ku taimake ni, da kun je kun koya wa surukata yadda ake hoce. Baiwar Allah, tana da kirki, ba ta gajiya da aike. Amma nata in ka jefi kare da shi sai an yi jinya. Rannan na rasa ƙirgin da zan yi tafin takalmi, na dubi hocenta, na ce Allah Ya kawo sauƙi."

Tumba tana dariya har tana share hawaye. Ganin na samu mai saurare, sai na ƙara. Na ƙanƙance murya, na karkata kai, na ce, "Sannu. Sannu. An zo lahiya? Madalla." Na ce shekara uku ke nan ba ta ƙara kalma ɗaya a kan waɗannan ba, ina jin su kaɗai aka koya mata.

Mai mayafin ba ta motsa ba. Na dai lura ta daina fid da hocen, har wani yana ƙonewa a tukunya.

"Kai, ka cika ɗan banza," in ji Tumba. "Wane gari surukar taka take?"

"Rawayya."

"Rawayya? Ai mu ma can anka haihe mu! Wace ce? Babu gidan da ban sani ba."

Na gutsiri hoce na biyar, na cika baki, sannan na faɗi sunan. Sunan da ban taɓa furtawa ba ko a ɗakina, wanda in wata mai irinsa ta zo sayen takalmi sai in ce mata "mai sunan manya". Na faɗe shi gatsal, har da sunan mijinta, don kada a yi kuskure. (Ko a wannan takarda ba zan rubuta shi ba. Sau ɗaya ya isa.)

Ludayin da ke hannun Tumba ya faɗi cikin rama. Ta dube ni, ta dubi rigata, ta juya ta dubi yayarta da ke manne da itace.

"Kai ne mijin Kulu?"

Na ɗaga kai, don bakina a cike yake.

"La'ilaha illallahu!" Ta miƙe tsaye, ta ɗora hannu biyu a ka. "Jama'a, ku taho ku ga hitsara da rana tsaka! Ku taho ku ga wanda ya nemi auren surukarshi a kasuwa! Ya ci a gabanta, ya yi gyatsa a gabanta, ya kama sunanta! Kai, wace uwa ta haihe ka? Wagga da ka tare ma hanya, ita ta haihi matarka!"

A daidai lokacin Inna ta ɗan gyara zama, zanen ya janye, na ga babban yatsan hagu.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Hocen da ke bakina ya ƙi gaba ya ƙi baya. In haɗiye, na ci a gabanta da sani. In tofar, na tofar da abincinta. Sai na bar shi a kumatu kamar biri. Mutane suka fara taruwa, mahauta da masu tukwane da wani mai jan akuya wanda ya tsaya yana tambaya a maimaita masa daga farko. Ni kuwa abin da hankalina ya ba ni a wannan lokaci shi ne in tuɓe takalmi. Na tuɓe su da sauri, na jera su gefe, na durƙusa, na kafa ido a ƙasa yadda nake yi a zaure. Kamar wannan zai mayar da hoce huɗu da rabi cikin tukunya.

Tumba tana ta yi. Sai na ji wata murya ta fito daga cikin mayafin. Ba ƙasa-ƙasa ba, cikakkiyar murya mai sanyi, wadda ban taɓa ji ba. Ba da ni ta yi magana ba, don ko a nan ba ta yarda ta yi mini magana kai tsaye ba.

"Tumba, zamna. Ba hitsara ba ta. Hitsara sai da sani, shi ko bai sani ba. Ki ba baƙo ruwa, abin zai shaƙe shi."

Ban jira ruwan ba. Na miƙe na ratsa mutane, na kwance jakina, na kama hanyar Gusau. Sai da na wuce duwatsun bayan gari ƙaya ta soke ni, sannan na tuna takalmana suna gindin tsamiya. Haka na iso gida, baduku ɗan baduku, ƙafa ba takalmi.

Ban faɗa wa Kulu ba, amma labari irin wannan ba ya bukatar jaki. Kwana huɗu ya iso. Na shigo gida na tarar da ita zaune ta yi tagumi. Ta dube ni, ta tashi ta zaga bayan ɗaki. Na jiyo ta tana dariya har tana shiɗewa, can kuma dariyar ta koma kuka. Da ta fito ta ce, "Ka tahi ka ba ta haƙuri. In ta koma gida ka tahi."

Na ce zan je bayan an gama girbi.

Inna ta koma Rawayya da 'yan kwanaki sai ga Mani, a lokacin ya fara gemu. Ya ajiye mini takalmana, an wanke su an shafa musu mai. Ya ajiye ƙunshin hoce a naɗe cikin ganye, na taɓa na ji laushi, har da sauran ɗumi.

"Tun asuba ta tashe ni," ya ce. "Ta ce kada in biya ko'ina, kuma a ci yau, kada shi kwana." Sannan ya gyara tsayuwa, ya rusuna mini har ƙasa a gaban dukawan rumfa. "To, Baba, tunda kai ka nemi tsohuwarmu, sai ka hwara ɗinka ma ɗanka takalmin sallah."

Daga ranar na zama Baba. Daga ranar kuma hocen Rawayya bai ƙara zuwa gidana a bushe ba. Ta daina ba matafiya. Sai Mani, sai da asuba, sai a cikin ganye.

Girbi ya wuce ban je ba. Na ce bayan sallah. Sallah ta wuce na ce sai damina ta ɗauke. Duk lokacin da na tuna zauren nan da zanar nan, sai in ji muryata tana cewa "amaryata", in fasa tafiyar. Kulu takan je da yara, ni in rako su bakin gari in dawo.

Maimakon in je, sai na kama wani aikin banza. Kalmar da Tumba ta jefe ni da ita ta tsaya mini a rai, na shiga bin diddiginta, ko zan samu wanda zai tabbatar mini ba ta hau kaina ba. Na tambayi malamin unguwarmu. Ya ce kunya da rashinta ya san abin da littafi ya faɗa a kansu, amma wannan kalma bai ga uwarta a Larabci ba, tamu ce, a nan ta tsiro. Ya ce a ganinsa tsiwa a baki take, tsageranci a hannu, fitsara kuwa a ido take, mutum ya yi abin kunya idonsa a bushe. Wani tsohon marini ya ce shi tun yana yaro ya ji daga fitsari aka ciro ta, wato mutumin da zai tsaya a bakin hanya ya yi abinsa yana kallon masu wucewa ido cikin ido. Wani falke Bakano da ke sayen jakunkuna a wajena ya fara da yi mini dariya don na ce "hitsara", sannan ya ce ai a fili take, wanda ya fita daga tsararsa ne, ya mai da babba abokin wasansa. Wannan ta Bakanon ba ta yi mini daɗi ba, don ta yi kama da ni ƙwarai. Ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, wataƙila duk hasashe ne.

Wata rana ina ba Kulu wannan bayani dalla-dalla, tana tankaɗe, ta ce, "Ni ban san inda ta hito ba, amma na san inda ta sauka. Gindin tsamiya, kasuwar Tsahe. Rawayya dai tana nan inda take, tahiyar hantsi guda."

Sai na ce ai ba zan je hannu sake ba. Zan ɗinka wa Inna takalmi, irin wanda ban taɓa yi wa kowa ba, in kai da kaina. Na zaɓi jar fata mafi laushi. Ban bukaci awo ba. Na yanka tafin, na bar wa yatsan hagu wuri yadda ba zai matse ba, na sa wa dugadugan shimfiɗa biyu saboda faso. Ƙafar dama na gama ta cikin kwana uku. Da na zo ta hagu, sai na ga in na gama ta ba ni da sauran hujja. Na naɗe su a tsumma na saƙale a rufin rumfa, na ce sai na samu zare mai kyau.

Sau biyu Inna ta aiko da magana a bakin Mani. Ta farko, da aka haifi ɗanmu na uku: "A ce ma mutanen Gusau zauren yana nan, ba a rushe shi ba." Ta biyu, bara da rani, Mani ya faɗe ta ba dariya: "Ta ce ƙahwahunta sun hwara nauyi, ba ta iya doguwar tahiya. Wanda ka son gaisuwa shi taho." Na ce in sha Allahu bayan sallah.

To, ga Mani durƙushe a bakin rumfa yana ce mini Yaya.

A ranar muka tafi, ni da shi da Kulu. Ban tsaya neman zare ba, ban tsaya jiran damina ba. Ashe hanyar ba ta da nisa. Na tuɓe takalmi a ƙofar gida, na shiga zauren, na zauna cikin masu karɓar gaisuwa. An sake zanar, amma sabuwar ma ba ta kai ƙasa ba. Na yi ta kallon wurin. Ƙafafu suna ta wucewa, manya da ƙanana.

Bayan la'asar aka ce ana kirana daga ciki. Na matsa jikin zanar na durƙusa. Muryar Tumba ce, ta tsufa, ta dushe da kuka.

"Ango," ta ce, "sai yau?"

Na kafa idona a ƙasa.

"Ni na tara maka mutane ran nan, ka yahe mini. Kwana bakwai ba ta yi mini magana ba saboda kai." Ta ja hanci. "Ka san abin da ta kan yi? Duk ran da za ta aika muku hoce, sai ta danna shi da yatsa ta ce, wanga dai ba a yin takalmi da shi. Ta yi ta dariya ita kaɗai. Ta ce duk surukanta babu wanda ta san muryar dariyarshi sai kai. Ta ce yaron kirki na, yunwa ta."

Na ce, "Allah Ya jiƙanta."

"Amin. Kulu ta taɓa ce mata kana ɗinka mata takalmi. Tun ran nan ba ta ƙara yarda an saya mata na kasuwa ba. In nata ya tsinke sai ta ɗaure da igiya ta ce, bari, ni da ke da baduku a Gusau."

Ba ta faɗa don ta soke ni ba. Labari kawai take ba ni, irin wanda ake bayarwa a gidan rasuwa. Na gode mata, na ja da baya, na fita bayan gida wajen rumbuna na tsaya har na samu kaina.

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar Inna. Duk malaman da na tambaya babu wanda ya kai ta, ita da ba ta riƙe allo ba: sai da sani. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da wannan magana kamar laya, ina cewa ta wanke ni. Gaskiya ne ta wanke ni daga abin da na yi a Tsafe, don ranar ban sani ba. Amma bayan nan fa? Na san tana jira. Na san hanya. Na san wadda ta tashi tun kafin asuba ta hura wuta don kada hoce ya iso mini a bushe. Na ci, na suɗe hannu, na ce bayan sallah. In da ma'auninta za a auna, ba a gindin tsamiya na yi fitsarar ba. A rumfata na yi ta, a zaune, kaina a sunkuye, kowa yana cewa ga mutum mai kunya.

Abin da zan ce wa 'ya'yana kaɗan ne. In kun zauna cin abinci a baƙuwar kasuwa, ku fara tambayar garin mai abincin kafin ku buɗe baki, kuma in tsohuwa ta rufe fuska, ku duba ƙafarta. In kuma abin ya riga ya faru, ku je a makon. Kunyar kwana ɗaya ce. Ni na tsaya lallashin tawa har ta girme ni.

Mani ya zo jiya. Daga bakin lungu na ji ya fara, "Ba..." sai ya haɗiye sauran, ya yi sallama kamar kowa. Na so ya ƙarasa.

Da ya tafi na sauko da ƙunshin, na kakkaɓe ƙurar. Fatar ba ta lalace ba. Ƙafar dama tana nan a gama. Ta hagu har yanzu ban sa mata maɗauri ba.